GIDAN TARIHIN ZANEN BARKWANCI NA BURASELS DA DARASIN DA NA KOYO A CIKINSA

  

Da editan wannan mujalla ya matsa mini in rubuto wani abu a fannin tarihi, tun da shi na karanta a jami'a, na san ya ɗauka zan kawo labarin sarakuna ko na yaƙe-yaƙe. Sai ga shi na zo da labarin zanen barkwanci, watau abin nan da muke kira katun. Wani zai ce ashe ma'aikacin gwamnati mai iyali ya rasa abin yi ke nan. Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri har mu kai ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

MAFARIN ZANCE

'Yan ajinmu za su tuna da wani ɗan'uwanmu da ke zama a layin baya kusa da taga lokacin muna aji huɗu. Ba sai na kama suna ba. Yana da wani littafin rubutu da ya ware, yana raba kowane shafi gida shida, yana zana abin da ya faru a makaranta cikin mako: yadda ake rububin gabza a ɗakin cin abinci, da yadda ƙwari ke iyo a saman wake, da yadda firfet ke tafiya kamar shi ya gina makarantar. Littafin nan kan zaga ɗakunan kwana da dare, ana karanta shi da tocila ana toshe baki don kada dariya ta fita. Ranar da dubu ta cika, aka kama shi yana zane ana tsakiyar darasi. Ya sha bulala shida, aka kuma yayyaga littafin aka cinna masa ashana a bayan aji muna kallo. Ba na ganin laifin wanda ya yi hukuncin, domin a wancan lokaci dukanmu mun ɗauka abin da aka ƙona shirme ne. Ni ma har na manta da zancen.

A watan Nuwamba na 2019 ofishinmu ya tura ni wani ɗan gajeren kwas a Burasels, babban birnin Beljiyam. Ran wata Asabar da ba mu da aji, wani abokin kwas ɗan ƙasar Kwango ya ce in zo ya kai ni wani wuri. Muka bi wani ɗan siririn titi mai suna Rue des Sables, muka tsaya a gida mai lamba 20. Wannan shi ne gidan tarihin zanen barkwanci na ƙasar Beljiyam. Ina shiga littafin nan da aka ƙona ya faɗo mini a rai.

GININ KANSA TARIHI NE

Asalin ginin kantin sarin yadi ne na wani attajiri mai suna Charles Waucquez. Wanda ya tsara shi kuwa shi ne Victor Horta, mashahurin mai zanen gine-gine na Beljiyam, aka kuma gama shi a 1906. Horta ya yi rufin tsakiyar ginin da gilashi a kan ginshiƙan ƙarfe, domin hasken rana ya sauko har ƙasa mai sayen yadi ya ga launin kaya sosai. Duk wanda ya taɓa fitar da atamfa waje a Kantin Kwari don ya duba launinta a rana zai gane hikimar.

A 1970 kasuwancin ya tsaya, aka rufe ginin, ya zama kango. A wancan zamani mutanen Burasels ba su ɗauki ayyukan Horta da daraja ba. A 1965 an rushe wani babban gininsa mai suna Maison du Peuple duk da kukan da masana suka yi, wani kantin nasa kuma gobara ta cinye shi a 1967. Wani tsohon almajirinsa mai suna Jean Delhaye shi ya yi ta faɗi-tashi har aka sa kantin Waucquez cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe a 1975. Amma doka ba ta toshe yoyon rufi, don haka ginin ya ci gaba da lalacewa.

Wajen 1980 wasu masu zane da masu sha'awar gine-gine suka kawo shawarar a mai da shi gidan tarihi. Da farko an so a keɓe shi ga mutum ɗaya, watau Hergé, wanda ya ƙirƙiro Tintin, amma shi da kansa ya ce a yi shi don dukan masu zanen ƙasar. Hergé ya rasu a watan Maris na 1983 bai ga an cika burin ba. Gwamnati ta sayi ginin, a 1984 aka kafa ƙungiyar da za ta tafiyar da shi, aka yi gyara, sa'an nan ranar 6 ga Oktoba, 1989 Sarki Baudouin da Sarauniya Fabiola suka buɗe shi. Ka ji fa, sarkin ƙasa guda ya taka da ƙafarsa ya je buɗe gidan katun.

MALAMIN MAKARANTA NE YA FARA

Da ka wuce ƙofa za ka tarar da wani babban zaure da matakala ta dutse, ga kuma samfurin kumbo mai ja da fari wanda Tintin ya hau zuwa duniyar wata a cikin labarinsa, shekaru fiye da goma kafin Amurkawa su je can a 1969. A sama ne ake baje kolin dindindin. Sashe na farko yana ba da tarihin yadda ɗan Adam ya fara ba da labari da hotuna a jere, tun daga zanen da ke jikin koguna har zuwa zamanin injin buga takarda.

A nan na haɗu da sunan da ya sa na yi tsaye cik. Mutumin da masana da yawa suke ɗauka shi ne uban wannan fasaha malamin makarantar kwana ne. Sunansa Rodolphe Töpffer, an haife shi a Janeba ta ƙasar Siwizalan a 1799. Ya so ya zama mai zanen fenti kamar ubansa, ciwon ido ya hana shi, sai ya koma koyarwa, har ya buɗe makarantar kwana ta yara maza. A 1827 ya fara zana labarai a gida-gida, da 'yar magana a ƙarƙashin kowane hoto, don ya ba ɗalibansa da abokansa dariya. Shi ma yana jin kunyar abin, yana ganin bai dace da malami ba. Sai da babban marubucin Jamus, Goethe, ya ga wasu daga ciki ya yaba, kana ya yi ƙarfin halin buga su a shekarun 1830. Ya rasu a 1846.

Daga nan abin ya ƙetara Amurka, inda jaridun New York suka gano cewa katun yana sayar da jarida. A 1895 Richard Outcault ya fito da wani yaro mai doguwar riga wanda aka riƙa kira Yellow Kid. A 1905 kuma Winsor McCay ya fara Little Nemo, labarin yaron da kullum yake yawo a ƙasar mafarki, a gidan ƙarshe na shafin kuma ya farka a gadonsa. A Amurka ne dabarar rubuta magana cikin 'yar da'ira da ke fitowa daga bakin mutum ta kankama.

YADDA ƘARAMAR ƘASA TA YI FICE

Tambayar da na yi wa kaina ita ce, yaya aka yi Beljiyam, wadda faɗinta bai kai na Jihar Kaduna ba, ta zama cibiyar wannan sana'a a Turai? Abubuwa uku na fahimta.

Na farko shi ne mujallun yara. Ranar 10 ga Janairu, 1929 Tintin ya fara fitowa a Le Petit Vingtième, shafukan yara na wata jaridar Katolika. Mai zana shi, Georges Remi, wanda aka haifa a 1907, ya juya haruffan farko na sunansa ya samo laƙabin Hergé. A watan Afrilu na 1938 wani mai maɗaba'a, Jean Dupuis, ya fara mujallar Spirou a Marcinelle kusa da Charleroi. A 1946 kuma Raymond Leblanc ya kafa mujallar Tintin. Gasa tsakanin mujallun nan biyu ita ta haifar da salo biyu. Na Burasels yana da layi tsaf-tsaf, komai a natse, mota da jirgi da gini duk kamar na gaske. Na Marcinelle kuwa ya fi motsi da wasa, mutane da manyan hanci. Daga Spirou aka sami Lucky Luke na Morris a 1946, da Gaston na André Franquin a 1957, da 'yan shuɗayen halittun nan na Peyo a 1958, waɗanda yaranmu suka sani a talabijin da sunan Smurfs. A ɓangaren masu magana da harshen Holanci kuma Willy Vandersteen ya fara Suske en Wiske a 1945.

Na biyu shi ne yaƙi. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a Yaƙin Duniya na Biyu, katun ɗin Amurka ya daina shigowa, dole mujallu suka koma ga 'yan gida. Alal misali, Edgar P. Jacobs, wanda a da mawaƙin dandali ne, an sa shi ya ƙarasa wani labarin Amurka da ya yanke a tsakiya a 1942, daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen ƙasar. Shi kuwa Hergé ya ci gaba da aiki a jaridar Le Soir wadda ke hannun 'yan mamaya, abin da ya ja masa kamu da tuhuma bayan an 'yantar da Burasels a 1944, ko da yake ba a hukunta shi ba.

Na uku shi ne kasuwar Faransa. Beljiyam ba ta da yawan masu karatun da za su riƙe sana'ar, sai da maƙwabciya. A watan Yuli na 1949 Faransa ta yi dokar sa ido kan littattafan yara, wadda ta takura wa na Amurka ƙwarai. Masu maɗaba'a na Beljiyam suka riƙa tace kayansu da kansu don su sami shiga, suka kuwa cike gurbin. Duk da haka, iyaye da malamai na can sun daɗe suna ganin katun yana lalata karatun yara, kamar dai yadda muka gani a nan. Sai a shekarun 1960 aka fara kiransa fasaha ta tara, aka jera shi da zanen fenti da kiɗa da silima.

ABIN DA AKE YI WA JAMA'A

Abin da ya fi burge ni shi ne gidan bai tsaya ga ajiye kaya a bayan gilashi ba. Akwai sashen da ke nuna yadda ake haifar shafi ɗaya tun daga tushe: rubutun labari, da zanen gwaji, da na fensir, da bin sa da tawada, da sa launi, har zuwa maɗaba'a. Kana iya ganin inda mai zane ya yi kuskure ya shafe da farin fenti, ko ya yanko takarda ya liƙa. Yaron da ya ga wannan zai san cewa gwanaye ma suna gogewa su sake.

Ban da baje kolin dindindin, akwai na wucin-gadi da ake sauyawa a kai a kai, wani a kan tsohon gwani, wani a kan sabon littafi ko masu zane na wata ƙasa. Sauyawar tana da dalili biyu. Haske yana cin tawada da takarda, don haka ba a barin zanen asali ya daɗe a waje. Sa'an nan mutumin gari da ya zo bara yana bukatar abin da zai dawo da shi bana. Akwai ɗakin karatu da mutum zai zauna ya karanta littattafai cikin harsuna daban-daban, akwai kuma ma'ajiyar littattafai ta masu bincike. Kantin littattafan gidan ma an daɗe ana kiransa Slumberland, watau sunan ƙasar mafarkin Little Nemo. Kimanin mutum 200,000 ne suke ziyartar gidan a shekara kafin annobar korona ta 2020.

Ranar da muka je na tarar da wasu yara zaune a ƙasa, wata ma'aikaciyar gidan ta ba kowa takarda an raba ta gida huɗu, ta ce su zana abin da ya faru da su da safe. Na tsaya ina kallon wani yaro da ke zana yadda ya makara. Babu wanda ya ɗaga masa bulala.

Daɗin daɗawa, an fitar da abin kan titi. Tun daga 1991 hukumar birnin tare da gidan tarihin suka fara zana taurarin katun a jikin bangayen gidajen da suka yi muni. Na farko shi ne Broussaille na Frank Pé, daga baya suka haura 50, baƙi suna bin su da taswira unguwa-unguwa. A 2009 an buɗe wani gida na Hergé shi kaɗai a garin Louvain-la-Neuve. A 2022 kuwa Beljiyam ta sa hotunan waɗannan taurari a cikin shafukan fasfo ɗinta.

ZANCEN KWANGO

Kada mai karatu ya ɗauka komai na wannan tarihi abin dariya ne. Da muka sauko kantin littattafai, abokina ya zaro wani littafi ya miƙo mini bai ce komai ba. Labarin Tintin ne a ƙasar Kwango. Ba na jin Faransanci sosai, amma hoto ba ya bukatar tafinta. An zana baƙar fata da manyan leɓɓa, malalata, masu hankalin yara, suna rusuna wa ɗan saurayin Bature har da karensa. Jikina ya yi sanyi.

Ga yadda abin yake. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakar Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai, kamar gonarsa. An tilasta wa mutane tatso roba, an ƙona garuruwa, an yanke hannaye, masana tarihi da dama kuma suna ƙiyasta waɗanda suka halaka da miliyoyi. Daga 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓi ƙasar har zuwa 30 ga Yuni, 1960. Shi kansa Horta, ɗaya daga cikin gidajensa mafi kyau ya gina shi ne wa Edmond van Eetvelde, babban jami'in Leopold mai kula da Kwango. Mu ma abin ya shafe mu, domin da rikici ya ɓarke bayan 'yancin kai, Nijeriya ta aika sojoji ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikinsu har da Murtala Muhammad yana ƙaramin hafsa.

Hergé ya fara wannan labari a 1930 yana ɗan shekara 23, bisa umarnin shugaban jaridarsu, wani fada mai suna Norbert Wallez, kuma bai taɓa taka Kwango ba. Da ya sake zana shi da launi a 1946 ya cire wasu abubuwa. Akwai inda Tintin ke koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, sai ya mai da darasin na lissafi. Daga baya ya amsa cewa da son zuciyar mutanen da ya tashi a cikinsu ya yi aikin. Abin lura shi ne a 1934, da zai yi labari a kan ƙasar Sin, an haɗa shi da wani ɗalibi ɗan can mai suna Zhang Chongren, wanda ya zauna da shi ya gyara masa fahimta. Littafin da ya fito daga wannan abota ya girmama mutanen Sin. Kwango ba ta sami wanda zai zauna da shi haka ba. A 2007 wani ɗan Kwango mazaunin Beljiyam, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara yana neman a hana sayar da littafin, amma a 2012 kotu ta ƙi amincewa.

Na tambayi abokina ko yana ganin da an ƙona littafin da ya fi. Ya girgiza kai. Ya ce in aka ƙona shi, gobe jikokin waɗanda suka yi zaluncin za su ce ba a yi ba. Shi abin da yake so shi ne a ajiye, a rubuta bayani a gabansa, a kuma jera shi da ayyukan 'yan Kwango irin su Barly Baruti na Kisangani, waɗanda suka ɗauki alƙalamin suka zana kansu da kansu. Na daɗe ina juya wannan magana. A jami'a an koya mana cewa shaidar tarihi ba sai takardar gwamna ba. Wanda ke son sanin abin da aka cusa wa yaron Beljiyam a kan Afirka a 1930, wannan littafi zai gaya masa fiye da rahoton ofis.

ABIN DA YA RAGE MANA

A da, ko a Turai, zanen asali ba shi da daraja. Da an buga shi sai a jefa a kwandon shara, ko a bai wa yaro kyauta. A watan Janairu na 2021 an yi gwanjon wani zane guda da Hergé ya yi don bangon littafinsa na ƙasar Sin a Faris, aka saye shi kusan Yuro miliyan 3.2. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mu ma muna da irin wannan tarihi. Akinola Lasekan ya yi shekaru yana yaƙar mulkin mallaka da zane a jaridar West African Pilot tun daga shekarun 1940. Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco ya fito kafin ya shiga talabijin. Takardun jarida kuwa ba su jure gara da damina.

Na dawo kan littafin ɗan ajinmu. Yau da za a ce a rubuta tarihin rayuwar ɗalibai a zamaninmu, rajistar makaranta za ta ba mu sunaye da maki, amma ba za ta gaya mana abin da muka ci ba, ko abin da muka ji tsoro, ko abin da ya ba mu dariya. Duk wannan yana cikin shafukan da suka zama toka. Na haɗu da mai littafin a wani ɗaurin aure bayan na dawo, na ba shi labarin Töpffer. Ya yi dariya ya ce rabonsa da zane tun ranar nan.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai: duk mai tsohuwar mujallar makaranta, ko takardar da aka taɓa liƙawa a allon sanarwa, ko hoto, ko wani zane da ya tsira a ƙasan akwati, ya kawo ranar taronmu na gaba. Kabad ɗaya mai makulli a laburare ya isa a fara, ni kuma na ɗauki nauyin sayensa. Na biyu ga malamanmu da ke aji har yanzu, cikin ladabi da girmamawa: in an kama yaro yana zane ana darasi, a hore shi kan rashin sauraro, wannan haƙƙinku ne. Amma littafin, a sa shi a aljihun tebur, a mayar masa ranar hutu.